Bayan Magana Jari Ce: Littattafan Hausa da marubutan da suka cancanci a nema

Idan aka tambayi ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko ma'aikaci a sakatariyar jiha littafin Hausa da ya fi so, amsar da aka fi samu ita ce Magana Jari Ce. In aka matsa masa ya ƙara, sai ya ambaci Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, daga nan kuma zance ya tsaya. Galibi a firamare ko sakandare aka karanta su, wani ma a bakin yayarsa ya saurare su da daddare. Littattafan sun cancanci wannan ƙauna. Sai dai ƙagaggen labarin Hausa na boko ya haura shekara 90, kuma a cikin waɗannan shekaru an rubuta abubuwa da yawa a kan kasuwa da ofis da kotu da zaman gida, wato ainihin wuraren da mai karatu yake yini yake kwana. Mutumin da ya tsaya a littattafan ƙuruciyarsa ya bar mafi yawan abin da aka rubuta dominsa, 'ya'yansa kuma za su taso suna zaton Hausa ba ta da littafi sai na jarrabawa.

Biyar na farko

Mafarin abin gasa ce da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East. Kafin lokacin akwai rubutun ajami mai tsawon tarihi, mafi yawansa waƙoƙin addini da wasiƙu, akwai kuma tatsuniya da hikaya a baka. Abin da babu shi ne dogon labari ƙirƙirarre a rubutun boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa.

A cikin biyar ɗin, wanda ya fi dacewa babba ya sake karantawa shi ne Shaihu Umar. Mutane da yawa sun san marubucinsa a matsayin Firayim Ministan Nijeriya na farko wanda aka kashe a Janairun 1966, kaɗan ne suka tuna cewa yana malamin makaranta matashi ya rubuta labarin da har yau ba a yi kamarsa ba a kan cinikin bayi. Umar yaro ne da aka sace, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe fatake mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka bi da ita Murzuk da Tarabulus. Tafawa Ɓalewa bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya a littafin. Malamin da ke ba da labarin a garin Rauta yana faɗin abin da ya same shi cikin natsuwa da tawakkali, kuma wannan natsuwar ce take sa nauyin abin ya sauka a zuciyar mai karatu. Wanda yake son ya san yadda ayari yake shiri, yadda ake hassada a fada, da yadda ran mutum ya zama haja a kasuwa, zai samu a nan. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.

Ruwan Bagaja akasin haka ne, littafin dariya ne da wayo. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki domin ya wanke kunyar da aka yi wa limamin da ya riƙe shi, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne karonsa da Malam Zurƙe, abokin gaba kuma abokin tafiya, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami gari bayan gari. Imam bai ɓoye cewa ya amfana da Maƙamatul Hariri ba, wanda ya san littafin nan na Larabci zai gane ƙirar. Jiki Magayi kuwa shi ne ya fara kawo rikicin da daga baya ya cika littattafan Hausa: attajiri ya yi amfani da dukiyarsa ya aure budurwar talaka. Abubakar, wanda aka ƙwace wa Zainab, ya ɗauki fansa a kan ɗan da aka haifa, fansar kuma ta ci kowa. Labari ne gajere mai ɗaci, babu aljani mai ceto a cikinsa. Ganɗoki yana da daraja a farkonsa, inda ake jin yadda mayaƙin Kwantagora ya kalli zuwan Turawa. Da ya shiga ƙasashen aljannu sai ya koma tatsuniya. Idon Matambayi, labarin ɓarayi da dabarunsu, shi ne mafi rauni, manazarta ne suka fi nemansa.

Abubakar Imam da abin da ake mantawa

An haifi Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981, kuma Bello Kagara yayansa ne. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku a ƙarshen shekarun 1930. A na ɗaya aku ne yake tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A na biyu akun ya zama waziri, yana gasar labari da Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Manazarta sun bi sawun labaran sun gano da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya suka fito, wasu har suna ganin wannan ya rage wa Imam daraja. A ganina gwanintarsa a nan take: ya ɗauko labarin wata ƙasa ya sa masa riga da rawani, ya ba shi sunan gari da karin magana, har Bahaushe ya rantse a unguwarsu aka yi abin. Wanda ya karanta littafin yana yaro ya ji labarai ne kawai. In ya sake karantawa yana babba, musamman kashi na uku, zai tarar da darasi a kan zama da shugaba: yaushe ake magana, yaushe ake shiru, yadda ake faɗa wa mai mulki gaskiya ba tare da an rasa kai ba. Ma'aikacin da ya taɓa rubuta wa babban sakatare takardar shawara ya san darajar wannan.

Littafin Imam da aka fi mantawa shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a Janairun 1939. Idon ɗan jarida ne a littafin, yana kallon jirgin ruwa da masana'antu da halin Turawa a gidajensu, yana auna su da na gida. A haɗa shi da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, wanda shi ma labarin tafiya ne, a ga yadda mutum biyu masu bambancin ra'ayin siyasa suka kalli duniyar waje.

Zamanin NORLA da wasan kwaikwayo

An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 lokacin yaƙi da jahilci, sannan a 1966 aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC (ba na man fetur ba, sunan ne ya zo ɗaya). Mafi yawan littattafan da aka karanta a makarantun Arewa ta waɗannan ƙofofi suka fito. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yana cikinsu, kuma masoyansa da dama ba su san asalin jarumin daga almarar Rasha yake ba: Sarki Waldima da birnin Kib su ne Vladimir da Kiev. Akwai Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi, labarin maraya Salihi da gaskiyarsa, da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango. Duk sun dace da yara masu tasowa. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya bambanta da su domin shi ne ya fara kai Bahaushe sararin samaniya: yaro Kilba ya bi wani baƙo daga wata duniya suka yi sama. Uban da ɗansa ya fi son fina-finan kimiyya ya gwada shi da wannan.

Ga manya kuwa, wasannin kwaikwayo na wannan zamani sun fi labaran cizo. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka fara ji a rediyo kafin a buga su. Malam Jatau attajiri ne da ya ƙi jin shawara ya auri Kyallu, ta watsa masa gida ta cinye dukiyar. Ana iya sukar Maƙarfi da cewa ya ɗora wa mace laifin duka, kuma sukar tana da tushe. Amma ba a samu wanda ya kama Hausar kasuwa da ta zaure da ta gaban alƙali kamarsa ba, mutanensa suna magana kamar an ɗauko su da rikoda. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya juya akalar, ya nuna abin da Halima ta sha a hannun mijinta Hayatu. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya taɓo masu kuɗin da ke lalata 'yan mata 'yan makaranta. Littattafai ne ƙanana, ana gama kowanne a zama ɗaya, kuma sun fi daɗi in an raba matsayi an karanta da baki.

Lokacin da labari ya shigo birni

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, ya bi saurayin da ya bar ƙauye da gona ya shigo birni yana zaton arziki a titi yake, ya ƙare cikin miyagun abokai. Duk mai shago da ya taɓa ɗaukar yaron da ya zo cin rani ya san irin wannan labari. A 1980 NNPC ta buga littattafai uku da suka yi nasara a gasarta: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Na ƙarshen nan shi ake ɗauka littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatana da ta dage sai ta auri wanda take so ko da ba ɗan ƙabilarta ba ne, kuma daga gare shi marubuta mata da yawa suka ga cewa ƙofa a buɗe take.

Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta haifar da littattafan 1982, kuma biyu daga ciki sun isa a tsaya a kansu. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina labarin Alhaji Gabatari ne, hamshaƙin ɗan fasa-ƙwauri da ya saye jami'ai da 'yan siyasa, ana yi masa kirari a gari saboda kyautarsa alhali kowa ya san inda kuɗin yake fitowa. An rubuta shi a Jamhuriya ta Biyu, lokacin da kuɗin mai ya sauya ma'aunin mutunci, amma mai karatun yau ba zai buƙaci a yi masa bayani ba. Ƙarfin littafin shi ne bai tsaya a kan mugun mutum ɗaya ba, ya nuna sarƙar: mai sa hannu a ofis, mai ɗaga shinge a kan iyaka, mai roƙo a ƙofar gida. Marubucin ya biyo shi da Tura Ta Kai Bango a 1983, a kan siyasar jam'iyyu da zaluncin masu riƙe da ƙauye. Idan mutum zai karanta marubuci ɗaya tak daga wannan zamani, Sulaiman Ibrahim Katsina ne.

Na biyun shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, littafi mai kauri da zafi. Mailoma ya fito daga ƙauyen Maguzawa, ya ga yaƙin basasa, ya dawo ya kafa ƙungiyar ta'addanci da makamai da miyagun ƙwayoyi. Lokacin da ya fito wasu sun ga kamar marubucin ya wuce gona da iri, yau kuwa da daji ya cika da 'yan bindiga ana karanta shi da wani ido. Akwai zubar da jini da kalamai masu kaushi a ciki, don haka ba na yara ba ne.

Adabin Kasuwar Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya da buga ƙagaggun labarai. Matasa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna rarrabawa ta hannun 'yan kasuwa. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa wannan yunƙuri suna Adabin Kasuwar Kano, kuma ba da yabo ya faɗa ba. An yi shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu a kan ko wannan adabi ne ko shirme. Gaskiyar magana, a cikin dubban littattafan akwai tarkace da yawa: rubutu ba ƙa'ida, labari ɗaya a raba shi kashi huɗu don a ci riba. Amma waɗannan littattafai ne suka koya wa ɗimbin matan aure karatun boko a ɗakunansu, kuma a cikinsu akwai waɗanda za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da na Zariya.

Na gaba a nan ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi da girmanta. Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ya kamata kowane magidanci mai shago ya karanta shi. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri a waje, a gida kuwa matarsa Rabi ce take ƙoƙarin ciyar da 'ya'ya tara da ɗan abin da yake jefa mata. Ya ƙaro aure, rikici ya tashi, ya kore ta da 'ya'yan. Rabi ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta. Da gobara ta cinye shagonsa, duniya ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kanta ta koma. Marubuciyar ba ta ce wannan ƙarshe mai daɗi ne ba, ta bar mai karatu da tambayar wa aka yi wa adalci. Lissafin kuɗin cefane da na makaranta da ke cikin littafin ya fi wa'azi da yawa tasiri. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Ɗaya littafin nata, Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu ne, yarinyar da aka hana karatu aka ba tsoho, saurayin da ya yi boko kuma ya guje ta don jahilci, har ta gudu birni ta zama ma'aikaciyar jinya.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, yana cikin littattafan da suka fi yaɗuwa a wannan zamani. Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, kakarta ta ce sai mai dukiya. Tsohon rikicin Jiki Magayi ne ya dawo, amma yanzu budurwar ce take magana da bakinta. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta yi fice da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni. Matan littattafanta masu ilimi ne da addini da sanin zaman duniya, ko da yake arzikin da take ba su wani lokaci ya fi kama da mafarki. Mai son labarin da ya fita daga soyayya ya nemi Bala Anas Babinlata ko Nazir Adam Salih.

Littattafai biyu na bayan shekarar 2000 sun nuna inda wannan adabi zai iya kaiwa in an ba shi lokaci da gyara. 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya bi rayuwar macen da auren dole ya tura karuwanci, ba tare da ya la'ance ta ko ya wanke ta ba. Mace Mutum na Rahma A. Majid dogon labari ne a kan matan karkara da na gidan sarauta, da talauci da rashin asibiti da sa-ɗaka, kuma yana buƙatar haƙuri kafin a shiga cikinsa sosai. Tun 2016 kuma gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC tana fito da sababbin marubuta mata na gajerun labarai, ga wanda yake son sanin abin da ake rubutawa yanzu.

Waƙa

Bahaushe ya fi sanin waƙa da kunne, shi ya sa littattafan waƙoƙi suke kwantai a shaguna, alhali a nan harshen ya fi nuna ƙarfinsa. Huɗu sun isa mafari. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, kusan kowa ya taɓa jin ana rera su a bakin masallaci ko a rediyo, amma a takarda ne ake ganin yadda aka gina su. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya bar waƙoƙi kaɗan masu nauyi. Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya gargaɗi ce ga sarakuna da talakawa a kan makomar Arewa gabanin mulkin kai, kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa da bayanin rayuwarsa a 1974. Hausarsa cike take da Larabci, sai an bi a hankali. Mu'azu Haɗeja ya fi sauƙin shiga, waƙoƙinsa a kan gaskiya da biyayyar iyaye da giya da karuwanci a miƙe suke. Sai Aƙilu Aliyu, mutumin Jega, wanda aka tara waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya. Ba a yi mai wasa da kalma kamarsa ba. Hausa Mai Ban Haushi, inda ya caccaki masu gwamutsa harshen da Ingilishi don burga, kamar jiya aka rubuta ta, kuma wasunmu da ke aiki a ofis za su ji ta a jikinsu.

Na ajiya da na fassara

Akwai littattafan da ba a karanta su daga farko zuwa ƙarshe, ana ajiye su ne don ranar buƙata. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayyana kalmar Hausa da Hausa, saɓanin na Bargery na 1934 da ke fassarawa zuwa Ingilishi. Hausa A Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, shi ne madogara ga tarihin rubutun Hausa tun daga ajami, kuma shi ne ya tattara jerin Tatsuniyoyi Da Wasanni da ya dace a karanta wa ƙananan yara. A fannin tarihi akwai Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta fitar a farkon shekarun 1930 daga rubuce-rubucen Larabci, ciki har da tarihin sarakunan Kano, da Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji.

A cikin fassarori, Gandun Dabbobi na Bala Abdullahi Funtuwa, wanda ya fito a 1975, ya fi kowanne zama Bahaushe. Littafin George Orwell ne a kan dabbobin da suka kori mai gona suka kafa mulkin kansu, sannan aladu suka zama sababbin iyayengiji. Funtuwa ya mayar da gonar ta Nomau, ya raɗa wa dabbobin sunaye irin su Maitumbi da Ɗantulu da Aƙawal, har mai karatu ya manta daga Ingila labarin ya taso. Wanda ya ga juyin mulki da alƙawuran 'yan siyasa a ƙasar nan ba ya buƙatar sanin tarihin Rasha kafin ya gane shi.

Samun littattafan shi ne wahala. Na Zariya, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ana sake buga su kuma ana samunsu a shagunan littattafan makaranta, sai dai jabu sun yi yawa: takarda mai duhu, shafuka a tsallake, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta ɓace har ma'ana ta rikice. A duba sunan maɗaba'a, a kuma buɗe tsakiyar littafin kafin a biya. Na 1980 da 1982 sun fi wuyar samu, sai a wurin masu tsofaffin littattafai ko ɗakunan karatu na jami'o'in da ke da sashen Hausa, kamar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Na Kano kuwa kasuwarsu ta koma waya, ana tura su a WhatsApp, sau da yawa ba da sanin marubucin ba kuma ba ya samun ko kwabo. Da yawa daga cikin marubutan nan suna raye, wasu suna sayar da littattafansu da kansu, kuma mai shagon littattafai a Sabon Gari ko Kasuwar Kurmi yakan san hanyar da za a bi a samo kwafi na asali in an ba shi suna da 'yan kwanaki.